Faifan Sunan Takwarana

Lahadi, 13 ga Fabrairu 2011, bayan La'asar

Alhamdu lillahi. Ni Alhassan na Gangara, yau na ga takwarana da idona.

Hamisu na Gidan Sori ya iso da hantsi daga Libiya, ya sauka gidanmu tun kafin ya wuce gaida uwarsa. Ya kawo saƙon yayan Fadila: kwamfuta mai naɗewa kamar littafi, tsohuwa amma tana aiki, don ɗiyata Fadila ta riƙa aikin koyarwa da ita, sai faifai guda na bikin sunan jikana. Yayan Fadila ɗan farina ne. Ba na kiran sunansa, uwarsa Hasiya ma ba ta kira, haka muka tarar. Ko a wannan littafi da ba mai karantawa sai ni, hannuna ba ya yarda. Shi ma ya rama, ya sa wa yaron sunana, don haka ba shi da bakin kiransa. Tsoho suke ce masa.

A gefen kwamfutar akwai ɗan aljihu mai fitowa in an danna, nan ake ɗora faifai. Hamisu ya nuna mani inda zan ga hoton faifai da harafin E a ƙarƙashinsa, in danna sau biyu. Na ce masa E kam na san shi, ba a banza na zauna benci da gemuna a lakol ɗin manya, makarantar dare, ba.

Unguwa duka ta shigo. Yaro ƙato, ga kunnuwa a buɗe irin nawa. Hasiya ta ce, "Kai, wannan angon nawa ya fi tsohon kyau." Na ce, "Bari ya fara kawo maki goro da gishiri tukuna." Mata suka bushe da dariya.

Sai uban yaron ya shigo hoton ya karɓe shi. Hasiya ta ja mayafi ta rufe fuska, ta tashi wai tukunya na ƙonewa, alhali ba ta ɗora komai ba. Ni kuma na sunkuya ina gyaran takalmi. Ana kallonmu, haka ya kamata. Na ji muryarsa, na ga gefen riga shuɗiya. Ba komai, faifan namu ne, akwai gobe.

Laraba, 16 ga Fabrairu, da hantsi

Maulidi. Na raba goro har ga waɗanda ba su tambaya ba. Kwamfutar tana kwana a akwatin Hasiya, don zaurena hanyar kowa ce. In batir ya ƙare sai in kai ta wurin Jaye mai gurup, injin wuta, inda ake cajin salula.

Jiya uban yaron ya kira. Na tambayi Tsoho, na tambayi Balkisu uwar yaron, na ce ya gaishe su. Shi ban tambaye shi ba, ya san na tambaya. Na miƙa wa Hasiya wayar, ta ce hannunta da garin kuka, in ce ya shafa mata kan angonta.

Lahadi, 20 ga Fabrairu, bayan Azahar

Fadila ta zo daga Agiye. Ta kalli faifan har ƙarshe, ita ba ruwanta, ƙanwa ce. Ta ce mu riƙe kwamfutar har mu ƙoshi. Da za ta tafi ta tsaya a zaure ta ce, "Baba, kana jin rediyo kwanan nan?" Na ce ina jin labarin zaɓe zagaye na biyu. Ta ce ba wannan ba. Na ce ƙasar can faɗi gare ta, Turabulus inda yake dabam, inda ake magana dabam.

Ta gwada lambarsa a gabana. Ba ta shiga ba. Hanya ce, takan yi haka.

Talata, 22 ga Fabrairu, bayan La'asar

Na ɗauko kwamfutar in ga takwarana. Ta kunna lafiya, komai yana wurinsa, amma babu E. Na danna aljihun, bai fito ba, ko motsi. Na kashe na kunna, babu. Na naɗe na mayar akwati.

Lambar ba ta shiga ba.

Laraba, 23 ga Fabrairu, da safe

Yau ma babu E.

Jumma'a, 25 ga Fabrairu, bayan an sauko masallaci

Fadila ta yi ta ba ni umurni ta waya. Na ciro batir, na jira, na mayar. Na kunna ta a kan wutar Jaye kai tsaye. Na hura iska a gefen aljihun. Jaye ya tura tsinke a wani ɗan rami, aljihun ya buɗe, muka ciro faifan. Lafiyarsa lau, ko ƙwarzane babu. Muka kai gidan kallo, injinsu ya juya shi ya juya, ya tofar. Sun ce irin na kwamfuta ne, sai ita.

Liman ya yi addu'a ga yaranmu da ke waje. Mutum biyu suka waiwayo suka dube ni. Ban ga dalilin waiwayen ba.

Litinin, 28 ga Fabrairu, bayan Magariba

Na je Agiye. Na tsayar da kwamfutar a jakar fata, na rungume ta a kan kabu-kabu, hanyar nan mai girgiza hanji. Fadila ta kai ni rumfar Mustafa mai gyara kusa da tasha. Na yi masa bayani tun daga farko. Ya kunna. Ga E nan zaune kamar bai taɓa fita ba.

Mustafa ya ce, "Baba, ita ma tsoron likita take, kamar haƙori."

Na ce, "Wallahi kwana da kwanaki babu shi."

"Na yarda. Amma mi zan gyara ga mai lafiya?"

Ya goge idon aljihun da auduga, ya gwada wani faifai, ya yi. Ya ce in ta sake, in dawo.

Da na iso gida na kunna, ta yi. Kafin in gyara zama, matan unguwa sun ji kukan jariri sun cika tsakar gida. Hasiya ta yi wa angonta kirari, muryarta ba irin ta ranar farko ba. Da rigar shuɗiya ta shigo, ta tashi. Ni ma takalmina ya sake buƙatar gyara.

Talata, 1 ga Maris, bayan La'asar

Babu E. Jiya-jiya fa.

Alhamis, 3 ga Maris, da hantsi

Hasiya ta mayar da kwanon tuwonta kamar yadda ta zuba. Furar ma kurɓa ɗaya. Na ce mi ke damunta, ta ce zafi ne ya fara. Ta tambaye ni ko an ji labarin angonta. Na ce angonta yana hannun Allah da hannun uwarsa. Ba ta tambayi wani ba, ni ma ban ambaci wani ba.

Hamisu ya kira. Ya ce manyan motoci suna ta sauke masu gudowa daga Libiya a garin Dirku, wasu sun fara isowa Agadas, yana tambayar duk wanda ya sani. Ya fara gaya mani abin da suka ce sun gani a hanya. Na ce masa batir ɗina zai mutu. Da sauransa.

Na mayar da rediyo cikin rumbu. Tana cin batir.

Asabar, 5 ga Maris, bayan Azahar

Fadila ta zo ta zauna a kan kwamfutar tun safe. Ta shiga wurare masu rubutun Faransanci da ban iya bi ba. Ta ce kwamfutar ba ta ma san tana da aljihu ba, kamar an yanke mata hannu ta manta. Ta ce ƙila cuta ce irin tasu, sai an wanke ƙwaƙwalwarta duka. Na ce ba za a wanke komai ba, da hannunsa ya shirya ta. Ta ce, "Baba, faɗi sunansa mana, ko sau ɗaya." Na ce ta tashi ta taya uwarta surfe.

Ta tashi tana kuka. Ƴaƴan yanzu komai a fili.

Lahadi, 6 ga Maris, da yamma

Babu E. Lambar ba ta shiga ba. Na zaga rumbun wake, ban san abin da na je dubawa ba.

Litinin, 7 ga Maris, bayan La'asar

Agiye kuma. Wannan karon a kwance na ɗauko ta, cikin kwali, a kan cinyata. Mustafa ya kunna, babu E. Na ji daɗi kamar wanda aka wanke daga zargi.

Ya shiga wani shuɗin allo tun kafin ta gama farkawa, ya ce can ma ba a ganinsa, to ba cuta ba ce, jiki ne. Ya kifa ta. Ya sa ɗan yatsa a wani ramin da babu komai ciki ya ce, "Ga ɓarawon. Bis ɗaya, ƙusar nan mai murɗawa, ke riƙe da aljihun nan gaba ɗaya, ya faɗi, ƙila tun a sahara." Ya kama gefen aljihun ya ja kaɗan, sai duk abin ya zamo waje kamar burodi daga tanda. Ya ce rannan da na tsayar da ita a jaka, nauyinta da girgizar hanya ne suka tura shi ya koma mazauninsa, shi ya sa ta yi a gabansa.

Na ce, "To mi ke fiddo shi, tana kwance a akwati?"

"Shi ne tambayar. Da kansa ba ya fita. Dubi nan." Ya nuna mani ƙananan ƙwarzane a bakin aljihun. "Wani na sa tsinke ko wuƙa yana ɓamɓara, tana kashe. In tana kashe ba ya buɗewa, sai dai ya jawo duka. Jikokinka ne?"

"Jikana ɗaya, yana cikin faifan."

Bai yi dariya ba. Ya haska cikin ramin da tocila, ya ce haƙoran da ke haɗa su siririya ne, ɗaya ya riga ya lanƙwashe. Ya miƙe shi a hankali, ya tura aljihun, E ya dawo. Ya gwada kwashe abin da ke faifan ya zuba a cikin kwamfutar, ana tsakiya E ya sake ɓacewa, sai da ya matse da hannu. Ya ce ba zai ƙara wahalar da shi ba sai an ɗaure. Ba shi da bis ƙarami irin wannan, zai sa a nemo a Maradi. Ya ce, "Baba, in aka ƙara jan sa haƙorin ya karye, sai dai wani aljihun, kuma ban san inda za a samo irinsa ba."

Talata, 8 ga Maris, da hantsi

Akwai E. Na shiga zaure na saki labule, ni kaɗai, na rage murya. Na kalli takwarana, na kalli ragon suna, na kalli Balkisu da lallenta. Da na ga hannun rigar nan ya miƙo, na rufe.

Ba kowa a wurin. Ban san wa nake jin kunya ba. In na duba yanzu, ji nake kamar na yarda da wani abu.

Alhamis, 10 ga Maris, bayan Azahar

Na yi wa yaran maƙwabta faɗa, sun rantse. Na tambayi Jaye, ya ji haushi, ya ce in nemi wani mai gurup. Na ba shi haƙuri. Na sayi kwaɗo na sa wa akwatin, makulli ɗaya wurina, ɗaya wurin Hasiya tunda zannuwanta na ciki.

Da na dawo masallaci, babu E. Aljihun ya ɗan leƙo, kamar kaurin farce. Na tura shi a hankali. Ya dawo.

Jumma'a, 11 ga Maris, da yamma

Zanin Hasiya ya fara zagaya ta har ya yi saura.

Asabar, 12 ga Maris, bayan La'asar

Ranar zaɓe. Mun fita tare da safe, layin mata ya fi sauri, ta riga ni dawowa. Ni na daɗe, don tsofaffin ajinmu na dare sun tsaya suna gardamar wanda ya fi iya karanta takardar ƙuri'a. Kowa na cewa soja za su koma bariki, ƙasa za ta zauna. Allah Ya sa. Na dangwala yatsa a tawada na taho.

Na buɗe akwati. Aljihun ya leƙo. A bakinsa, daidai inda ƙwarzanen suke, akwai shafar tawada, launin nan na buron zaɓe.

Na dubi yatsana, ya bushe tun a hanya, kuma ban kai hannu wurin ba. Na leƙa tsakar gida. Hasiya tana tsintar wake, ga zufa, tawadar yatsanta ta naso har tafin hannu.

Na tura aljihun. Na mayar. Na kulle akwatin.

Lahadi, 13 ga Maris, da hantsi

Na yi sallama kamar zan tafi gona, na kai bakin rijiya na juyo. Na tarar da ita zaune a bakin gado, kwamfutar a cinyarta, a rufe, tsinken tsifar kai a hannunta.

Na ce, "Hasiya, sannu da gyara."

Ba ta ɓoye tsinken ba. Ta ce, "Malam, ba ɓatawa nike ba."

"Mi kike nema ciki?"

"Faifan."

"Ki yi mi da shi? Ba ya magana shi kaɗai."

"Na sani. Ɗaga shi zan yi a rana." Ta ga ban gane ba. "Ka tuna hoton da muka ɗauka a Maradi shekarar da ka sayi amalanke? Mai hoton ya haɗo mana da baƙar leda, in an ɗaga ta a rana sai a ga mutane ciki. Na ce ko wannan ma haka ne. Ba sai na kunna ba, ba sai unguwa ta ji ba."

Na danna tsinken a ɗan ramin yadda Jaye ya yi, na ciro faifan na ba ta. Ta fita ƙofar ɗaki ta ɗaga shi. Ta juya shi, ta karkata, ta daɗe. Ta ce, "Ba kowa sai wata tsohuwa."

Na ce, don in sa ta dariya, "Angon naki ne ya hana ki cin tuwo haka?"

Ta miƙo mani faifan. Ta ce, "Shi ai an nuna mani shi."

Na zauna a bakin gadon. Na gaya mata abin da Mustafa ya ce a kan haƙorin. Ta riƙe baki. Ta ciro makullinta daga bakin zani ta aje a hannuna. Na mayar mata, na ce ta dai bar tsinken wurina.

Litinin, 14 ga Maris, da yamma

An faɗi sakamako, babura suna ta ham a hanya. Ban kunna kwamfutar ba, ban taɓa ta ba. Hamisu ya kira, wani ya ce ya ga mutum da mace da goyo a Dirku. Mutum da mace da goyo. Na ce masa na gode.

Talata, 15 ga Maris, bayan La'asar

Mustafa ya aiko bis ya samu. Na je. Ɗan abu kamar ƙwayar gero, a ƙulle cikin takarda. Ya sa turnabis ya ɗaure, ya ja aljihun da yatsa, bai motsa ba. Ya kashe ya kunna, ya kashe ya kunna, E na nan. Ya kwashe faifan duka ya zuba a cikinta, wannan karon ya kai ƙarshe.

Ya ce, "An kama mai tsinken?"

Na ce, "Ɓera ne."

"Ɓera mai tsinke. Allah Ya shirye shi."

Na ce akwai yadda za a tsayar da hoto wuri ɗaya? Ya nuna mani dogon maɓallin da ke ƙasa, babu rubutu a kansa. Danna ɗaya ya tsaya, danna ɗaya ya ci gaba. Na ce wannan ko wanda bai je lakol ba zai iya. Ya ce awo, zai iya.

Laraba, 16 ga Maris, bayan Azahar

Na jira rana ta take, lokacin da kowa ke cikin inuwarsa. Na aje kwamfutar a kan turmin da na kifa a ɗakin Hasiya, na rage muryar yadda ba za ta haye katanga ba. Na kama yatsanta mai tawada na ɗora a kan dogon maɓallin, na nuna mata sau biyu. Na ce zan je duba awaki. Na saki labule, na kulle ƙofar gida daga ciki, na zauna a gindin bangon ɗakin. Awaki suna can.

Na ji guɗar mata, na ji kukan takwarana. Na ji muryarsa yana cewa, "Inna, ga mijinki na kawo maki. Tsoho, gaida mai sunanka." Sai shiru. Ta danna.

Shirun ya daɗe har na fara tunanin E ya sake tafiya. Sai na ji ta kira shi. A hankali, yadda ake kiran yaro ya zo ya ci tuwo kafin ya huce. Tun ranar da liman ya raɗa masa sunan ban taɓa jin sa a bakinta ba. Ta sake kira.

Can ta ce, "Malam, na san kana nan. Shigo ka gani, ya rame."

Na shiga. Ta tsayar da shi daidai inda ya ɗago kai. Ashe shi ma duk tsawon faifan ƙasa yake kallo, don ya san mu za mu gani, sai wuri ɗaya tak da ya ɗago ya dubi mai ɗauka. Akwai furfura a gemunsa, ba wanda ya gaya mani. Idanun uwarsa ne. Na duba, ban gyara takalmi ba. Muka zauna har batir ya yi ja.

Da na fito ta ce in miƙo mata ƙwaryar fura. Ta sha rabi.

Na gwada lambar, ba ta shiga ba. Gobe zan fiddo rediyo daga rumbu, in kuma kira Hamisu in bar shi ya gama maganarsa. In zan tambayi mutanen da ke saukowa a tasha, ba zan ce masu yayan Fadila ba, ba su san Fadila ba. Dole in saba. Malamin lakol bai taɓa sa ni rubuta sunansa a allo ba, amma na san haruffan duka.

Hayatu.